Waken Gwaggo a Kan Taswira

A cibiyar binciken noma da ke bayan gari, in ka wuce ofisoshi masu sanyi, ka wuce wurin ajiye motoci, akwai wata rumfar kwano inda ake shanya iri. Nan za ka tarar da Mai Rikoda zaune kan benci, faranti a cinya, tana tsince tsakuwa daga cikin masara. Sunan yana nan manne da ita, ko da yake ta daina taɓa rikoda. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka tsokana ce, don mace ce da in ka gaishe ta za ta amsa, shi ke nan, ba ƙari. Ba su san a da ita ce bakin cibiyar nan, ita ce kuma kunnenta ba.

Marainiya ce. Uwarta ta rasu tana rarrafe, ubanta ya bi baya ba da jimawa ba, sai yayar uban, Gwaggo, ta ɗauke ta zuwa ƙauye. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Da mijinta ya mutu 'yan'uwansa suka raba gonarsa tana kallo, suka bar ta da ɗaki da 'yan awaki. Da aikatau a gonakin mutane ta reni yarinyar, ta sa ta makaranta. Mace ce mai tsauri, ba ta iya lallashi ba. In yarinyar ta faɗi ta fasa gwiwa, cewa take, "Tashi, 'yar nan. Ƙasa ba ta yi kuka ba, sai ke?" Amma ko a shekarun da damina ta yi gardama, a daidai lokacin da rumbuna suka ƙare kuma amfanin gona bai nuna ba, yarinyar ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Kullum akwai wani ɗan jan wake a tukunya. Yaro ba ya tambayar inda abinci ya fito, ci kawai yake.

Ta gama sakandare ke nan wata mai bincike ta zo ƙauyen daga cibiyar tana neman mai yi mata tafinta. Aka turo yarinyar don tana jin Turanci. Aikin mako ɗaya ne, ga shi har gashinta ya fara fari tana nan.

Abin da ya sa cibiyar ta riƙe ta, mata suna gaya mata gaskiya. Sauran ma'aikata sukan sauka daga mota da takarda a hannu, su tsaya a kan mutum suna tambaya, buhu nawa kika samu, wane iri kika shuka. Matan kuwa su sharara musu ƙarya cikin ladabi, su raka su har mota. Ita ba haka take ba. Takan ajiye jaka a gefe, ta karɓi jinjirin wata ta goya, ta zauna a taya ɓare gyaɗa, a yi hirar ciwon baya da tsadar sabulu. Sai an saki jiki sannan ta fiddo rikodar ta ɗora a kan tabarma inda kowa zai gani, ta ce, "Abin da kuka faɗa masu bincike za su ji, don su gyara aikinsu. Amma ba za su san daga bakin wa ya fito ba, ba kuma za su san ƙofar gidan ba. Wannan a wuyana yake." Cibiyar tana da wannan doka a rubuce, gaskiya ne. Sai dai matan ba takarda suka ba amana ba, ita suka ba.

Mijinta tela ne, mai yawan zolaya. In ta dawo da ƙura har gira, sai ya ɗago daga kan keke ya ce, "Sannu da zuwa, wadda ake biya albashi don ta ji gulma. Yau me aka ce?" Ita kuwa ta ce, "An ce ka rage wa mutane tsawon wando." Ko shi bai taɓa jin sunan mace ɗaya daga bakinta ba.

To, sai Injiniya. Ba injiniya ba ne, ita ta laƙaba masa sunan ranar da ta shigo ofis ta tarar da shi kwance a ƙarƙashin teburinta yana haɗa wayoyi, ƙafafu kawai a waje. Daga wani gari mai nisa ya zo, ba shi da kowa, riga ɗaya yake maimaitawa. Ita ta samo masa ɗaki a bayan shagon mijinta. Ita take zuba abincin rana a kwano biyu. Ranar da tsawa ta ƙone babbar kwamfutar cibiyar aka nemi a ɗora masa laifi, ita ta faɗa ofishin Shugaba ba wanda ya kira ta, ta ce sai dai a kore su tare. Da ya tashi neman aure ma ita ta shige gaba a matsayin yayarsa. Yaya yake ce mata, kuma har zuci yake faɗa, ban ce a'a ba. A hankali ya zama shugaban sashen bayanai, da ɗakinsa mai sanyi kamar cikin randa, inda manyan na'urori suke gurnani ba dare ba rana.

Mutum ne da ya yarda da aikinsa. Yakan ce mata, "Yaya, a wata ƙasa can wani yana ƙarar da ƙuruciyarsa wajen neman abin da mu muke da shi a cikin kabad, ɓera yana ci. Wannan ba zalunci ba ne?" Takan gyaɗa kai, don ta ga gaskiyarsa.

Wata damina ta je gaida Gwaggo, sai tsohuwar ta ce, "Ɗauko na'urar nan taki ki biyo ni."

A gabashin ƙauyen akwai wata tsohuwar gonar gwamnati da aka sayar wa wani attajiri na birni. Tun da ya saya bai shuka ko tsinke ba, ya ajiye maigadi a bakin ƙofa ya manta da ita. Gwaggo ta bi da ita ta baya, ta inda shinge ya faɗi, suka ratsa wasu bishiyoyi masu duhu, suka gangara wani ɗan kwari mai laima. Nan ta ga waken. Kunya-kunya, a tsare, kowace kunya da mai ita. Zawarawa ne da matan da ba su da gona suke nomawa a ɓoye, tun ana kiran wurin gonar gwamnati. Irin kuwa Gwaggo ta gada daga uwarta. Ɗan ƙarami ne ja, yana nuna tun sauran amfani bai yi ciki ba, kuma ba ya yi sai a ƙasa mai laima irin wannan.

Mai Rikoda ta tsaya tana kallo, hawaye ya cika mata ido. Ashe abin da ta ci ta girma ke nan.

"Kuka kika zo yi ko aiki?" in ji Gwaggo. "Na tsufa, 'yar nan. Yaran yanzu ba sa tsayawa su koya. Ki ɗauki yadda ake shuka shi da yadda ake adana irin, kada in mutu da shi a ciki. Mutanenki su san waken, ban hana ba. Amma wurin nan, a'a. Ranar da mai gonar ya ji, mun tashi."

"A wuyana yake, Gwaggo."

"Na sani. Da ban sani ba da ban kawo ki ba."

Ta kunna rikoda, Gwaggo ta yi ta bayani, har da dariya, abin da ba kasafai take yi ba. Mai Rikoda ta ɗauki hotuna da wayar ofis, ganye da fure da hannun Gwaggo riƙe da iri. Da ta koma ta adana su a kwamfutarta, ba ta ba kowa ba, tana jiran ta san yadda za ta yi da su.

Ana nan sai maganar rumbu ta taso. Cibiyar tasu tana da 'yan'uwa a ƙasashe da dama, wata shinkafa take bincike, wata dankali, wata wake, wata kifi. Manyansu suka yanke shawarar a yi rumbun bayanai guda ɗaya a intanet, kowa ya zuba abin da ya tara, kowa kuma ya ɗiba. Aka yi ta taro a ɗakin da ke da babban allo, fuskoki a ƙananan akwatuna, wannan yana magana bakinsa yana motsi ba a ji, wancan ya daskare da hannu a sama. A ƙarshen kowane wata sai a nuna wace cibiya ce ta fi zubawa. Tasu kullum tana can ƙasa, kuma masu ba da tallafi suna kallo. Shugaba ya fara ramewa. Ya ce duk abin da ke cikin kwamfutar ofis na ofis ne, kowa ya miƙa wa Injiniya nasa.

Mai Rikoda ta miƙa duk na sauran ƙauyuka, bayan ta tabbatar an cire sunaye. Na Gwaggo ta riƙe. Injiniya da kansa ya zo ofishinta, ya ja kujera ya zauna.

"Yaya, saura babban fayil ɗin nan na wake."

"Wannan ba na bayarwa ba ne."

Ta gaya masa dalili, ba ta rage komai ba, da kwarin da shingen da attajirin. Shi kaɗai ta taɓa gaya wa. Ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Gara da kika gaya mini. Kin san kowane hoto da wayar nan ta ɗauka yana ɗauke da daidai inda aka tsaya a cikinsa? Ido ba ya gani, amma yana nan."

Ba ta sani ba.

"Zo ki gani." Ya buɗe taswira a kwamfuta, sai ga ɗan jan ɗigo a tsakiyar kwarin, kai ka ce da yatsa aka nuna. Ya danna nan, ya danna can, ɗigon ya ɓace, wata babbar da'ira ta maye gurbinsa, ta rufe ƙauyuka da dama har da dazuzzukansu. "Kin gani? Na wanke shi. Duk wanda ya duba zai san akwai wake irin wannan a yankin nan, amma ko shekara zai yi yana yawo ba zai sami wurin ba. Sunanta ma babu. Ai Gwaggo ta ce a san waken, ko ba haka ba?"

"Haka ta ce."

"To ki bar mini. Ni zan cuce ki, Yaya?"

Ta dube shi, yaron da ta ciyar da hannunta. Ta ce ya ɗauka.

Shekara ta zagayo. Cibiyar ta hau sama a allon ƙarshen wata, Shugaba ya murmure, Injiniya ya fara hawa jirgi zuwa taruka. Ya kawo mata tsarabar mayafi daga wata ƙasa, ta yafa ta zagaya ofisoshi tana nunawa.

Wata safiya da damina aka ce ta shirya, akwai baƙuwa daga cibiyar wake ta ƙetare, za ta raka ta ƙauye ta yi mata tafinta. Aiki ne da ta saba. Baƙuwar dattijuwa ce mai furfura, Dakta ake ce mata, mai fara'a, takalmanta duk tabo, alamar ba ta zaman ofis ba ce. Suna shiga mota Injiniya ya fito daga ɗakinsa mai sanyi, ya tsaya a baranda ya ɗaga hannu.

"A sauka lafiya, Yaya."

"Allah ya sa, ƙanena."

A hanya Dakta ta yi ta zuba. Ta ce tun tana budurwa take neman wake mai saurin nuna, don a ƙasashe da yawa lokacin da yara suka fi mutuwa shi ne kafin girbi. Ta ce ta kusa fid da rai sai ta ci karo da shi a rumbun. Mai Rikoda ta ce wa kanta da'irar babba ce, za su zagaya ƙauyuka su yi tambaya su dawo. Sai dai direba bai tsaya tambayar kowa ba. Wayar Dakta ce a gabansa, yana bin abin da take nunawa. Suka bar kwalta. Suka wuce rijiyar da ta yi ɗiban ruwa tana yarinya. Ta leƙa wayar, ba ta ga da'ira ba, jan ɗigo ta gani.

"Mun yi komai bisa ƙa'ida," in ji Dakta, tana murmushi. "Ba ma shiga gonar mutum ba izini. Da muka ga wurin sai muka nemi ofishin filaye suka gaya mana mai shi, muka kira shi a waya. Mutumin kirki, ya ce da kansa zai zo."

Ga shi kuwa a bakin ƙofa, cikin fararen kaya, jingine da motarsa, maigadi yana durƙushe a gefe. Bai buƙaci tafinta ba, Turancinsa ya fi na Mai Rikoda. Dakta ta kama hannunsa ta ce duniya za ta gode masa da ya bar matan nan suna noma wannan wake a gonarsa.

"Waɗanne mata?" in ji shi.

Dakta ta ɗauka wasa yake, ta yi dariya ta shige gaba da waya a hannu. Mai Rikoda ta bi su don ƙafafunta sun ƙi yin wani abu dabam. Ta yi tunanin ta ce cikinta na ciwo, ta yi tunanin ta ruga ta riga su, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Suka ratsa bishiyoyin, suka gangara.

Matan suna duƙe suna cire ciyawa, wake ya yi fure. Ɗaya ta ɗago, ta taɓa ta kusa da ita, har duk suka miƙe. Gwaggo ce ta ƙarshen miƙewa, hannu a ƙugu. Abin da suka gani shi ne mai gonar, da baƙuwa, da 'yarsu a tsakiya, jakar aiki a kafaɗa. Da ɗan gari akan ci gari, kowa ya san wannan, ba sai an faɗa ba.

Dakta ta gane hannun Gwaggo ko fuskarta, oho. Farin ciki ya kama ta. "Gaya mata a ofishina na ji muryarta, a can ƙetaren teku. Gaya mata." Kafin Mai Rikoda ta buɗe baki, baiwar Allah ta danna wayarta, muryar Gwaggo ta tashi a cikin kwarin. Dakta ba ta jin yaren, 'yar taƙaitacciyar fassara kawai ta karanta a rumbun. Attajirin kuwa yarensa ne. Ya tsaya ya ji tsohuwa tana bayanin zurfin rami da tazarar shuka, sannan ya ji ta yi dariya tana cewa, "Mai ƙasar ma ko hanyar nan bai sani ba, yana can birni yana shan iska."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi kunyoyin daga wannan gefe zuwa wancan, ya tambayi maigadi tun yaushe, maigadi ya rantse bai sani ba.

Gwaggo ba ta dubi attajirin ba, ba ta dubi baƙuwar ba. Mai Rikoda take kallo. Sannan ta sunkuya ta ɗauki fartanyarta ta bi ta inda shinge ya faɗi, sauran matan suka bi ta.

A mota Mai Rikoda ta gaya wa Dakta abin da ya faru. Dattijuwar ta rufe baki da hannu. Ta sa direba ya juya, ta roƙi attajirin, ta ce cibiyarsu za ta yi hayar kwarin. Ya yi murmushi ya ce zai duba. Ya ce matsalar ita ce in mutane suka daɗe suna noma wuri, wata rana sai su ce nasu ne. Ba a yi mako ba tarakta ta shiga ta kife waken da furensa, aka ja sabuwar waya mai ƙaya.

Washegarin tafiyar Mai Rikoda ta tura ƙofar ɗakin sanyi ba sallama. Injiniya yana zaune, na'urori suna gurnani a bayansa. Da ya ga fuskarta sai ya miƙe.

"Yaya, zauna in yi miki bayani."

"A tsaye zan ji."

Ya ce rumbun ba ya karɓar bayanin iri sai da ainihin wurin da aka same shi. Ya tura da da'irar, aka dawo masa da shi. Ya sake turawa, aka sake dawowa da shi. Wata ya zo ƙarshe, Shugaba yana kansa, kuma fayil ɗin waken shi ne mafi kyau a duk abin da suke da shi. Sai ya tura na ainihin, ya bar wankakken a kwamfutarta don in ta duba.

"Don in na duba," ta maimaita.

"Na ce wa zai gani? Abin da ke cikin rumbun nan ya fi gashin kai yawa, Yaya. Kuma da Turanci ne, a intanet. Ina ƙauyen Gwaggo, ina intanet?"

"Ai don a gani kuka yi shi. Kai kake gaya mini kullum."

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Goge shi."

"Na goge namu tun jiya. Amma sauran cibiyoyin kowace tana da kwafi. Haka aka tsara shi, don kada wani abu ya ɓata."

Magana zarar bunu ce, wannan ta sani tun tana yarinya. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da ta tambaya daga ƙarshe, kuma da ta san amsar da wataƙila ba ta tambaya ba.

"Ka san za su zo?"

Ya dubi takalmansa. "Saƙonsu ya biyo ta teburina, wajen wata guda ke nan."

"Ka san inda motar za ta."

"Na yi ta neman yadda zan gaya miki."

"Wata guda. Da ka gaya mini da na je na ce su kwashe abin da za su iya. Da aƙalla ba a gan ni a tsakiya ba." Muryarta ba ta tashi ba. "Ka tsaya a baranda ka ce mini a sauka lafiya."

Ya fara kuka, kukan gaske, da majina. Ita ko ɗigo bai zo mata ba. Ta ji haushin kukan fiye da komai, don ta san halinta, saura kaɗan ta ce masa ya isa haka. Ta juya ta fita kafin bakinta ya ci amanarta shi ma.

Cibiyar ta kafa kwamiti, kamar yadda aka saba. Kwamiti ya zauna ya sha shayi, ya fito da sabuwar doka a kan ɓoye gonakin manoma a cikin rumbu, doka mai kyau, ba laifi. Sauran cibiyoyin suka yaba, suka ce a turo musu wanda zai koyar da ma'aikatansu. Wa kuke tsammani aka tura? Injiniya mana, ai shi ya fi kowa sanin matsalar. Dakta ta rubuto doguwar wasiƙar ban haƙuri daga ƙetare, ganyen waken da ta tsinko a kwarin kuma yana can a ɗakin bincikenta. Mai Rikoda ta kai rikodar ofishin Shugaba ta ajiye a kan tebur, ta ce a mai da ita rumfar shanya iri. Ya ce asara ce. Ta ce ba ta da sauran wuyan da za ta ɗora wa alkawari.

Mijinta bai yi zolaya ba a kwanakin nan. Shi ne ma ya ce mata, "Ki je. Ko zaginki za ta yi, ki je ki karɓa, uwa ce." Ta yi ta ɗagawa, yau gobe, har damina ta kusa wucewa, sannan ta hau motar haya ta tafi, ba jaka, ba waya.

Matan da ke bakin rijiya suka amsa gaisuwarta, suka koma kan gugansu. Ta tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗaki tana gyaran tsintsiya. Ta rame. Mai Rikoda ta durƙusa ta gaishe ta, tsohuwar ta amsa yadda ya kamata, ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mata ruwa.

"Gwaggo, ba ni na kawo su ba. Wanda na ba amana ne ya…"

"Ni ban san shi ba, 'yar nan. Ke na sani."

Ba da zafi ta faɗa ba. Da ma ta zage ta, da ma ta ɗauki tsintsiyar ta rafka mata, da ya fi sauƙi. Awaki suna tauna a gefe. Can Mai Rikoda ta yi ƙarfin hali ta yi tambayar da ta hana ta sukuni tun ranar da tarakta ta shiga.

"Irin fa? Akwai abin da ya rage na bara?"

"Babu."

"Ko kaɗan? Zan nemi fili mai laima, ni da maigidana, mu…"

"Babu ko ƙwaya. Duk mun shuka, duk an kife."

Gwaggo ta gyara zama, sai wani abu ya zame daga ƙullin da ke bakin zanenta ya gangara ƙasa tsakaninsu. Ɗan wake ne ja. Dukansu biyu suka gan shi. Tsohuwar ta miƙa ƙafa a hankali ta ɗora a kai, ta ci gaba da ɗaure tsintsiyarta.

Daɗi ya kama Mai Rikoda, don irin yana nan, kuma tabbas sun sami wani lungu. Sannan ta fahimci sauran. Matar nan ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, ko irin wadda ake yi wa yaro don ya yi barci. Yau ta yi mata, ido cikin ido, irin wadda ake sharara wa ma'aikata cikin ladabi kafin a raka su mota.

Ta kau da kai ta dubi awaki, don Gwaggo ta samu ta ɗauke abinta.

"Allah ya mayar da alheri, Gwaggo."

"Amin. Ki tashi kada motar yamma ta wuce ki."